Tarihin Shaidar Zanen Yatsu

Tun zamanin kakanni, in an yi sata a gari, abin da a kan fara yi shi ne a kira masu bin sawu. Su duƙa bakin danga su dubi inda ɓarawo ya taka, su bi shi gona gona har su kai ƙofar gidan da ya shiga. Amma sawun ƙafa ba shi da daɗewa. Iska ta kan shafe shi, ruwa ya wanke shi, ɓarawo mai wayo kuwa ya kan bi ta kan fako ko ya sake takalmi. To, akwai wani sawu dabam wanda ɗan Adam ke bari ba da saninsa ba, a jikin ƙofa, ko kwano, ko murfin akwati, watau shatin yatsunsa. Labarin yadda aka gane amfanin wannan sawu, har alƙalai suka yarda da shi ya zama shaida, shi ne za a bayar a nan.

Mai karatu ya tsaya ya dubi cikin babban yatsansa a wurin da ke da haske. Zai ga waɗansu 'yan layuka sirara sun jeru kamar kunyoyin gona. A bisa kowace kunya akwai ƙananan ƙofofin gumi waɗanda ido ba ya gani sosai. Sabo da haka duk abu mai santsi da mutum ya taɓa, sai gumi da maiƙon jikinsa su bar kamannin kunyoyin nan a kai, kamar yadda hatimi ke barin alama a takarda.

Abu biyu ne suka ba wannan zane daraja. Na fari, tun jariri na cikin uwa, wajen wata na uku zuwa na biyar, zanen ke fita, kuma ba ya sakewa har mutum ya tsufa ya mutu. Yatsa ya kan girma, fata ta kan yi yaushi, amma tsarin layukan na nan yadda ya ke. In fata ta ɗaye ko ta ƙone sama sama, sabuwar da za ta tsiro da zanen dā za ta fito. Sai rauni ya yi zurfi ƙwarai sa'an nan ya bar tabo, tabon kuwa shi ma ya zama wata alama. Na biyu, har yau ba a sami mutum biyu masu zane ɗaya sak ba. Ko tagwayen da uwarsu ke rikicewa a kansu, yatsunsu sun bambanta. Kai, ko yatsun mutum guda goman nan, kowane da nasa.

Mutanen dā ba su rasa lura da wannan ba. An tono allunan yumɓu na ƙasar Babila masu shatin yatsu a jiki. A ƙasar Sin kuma, tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a kan danna yatsa a ɗanyen yumɓu a rufe wasiƙa da shi, daga baya kuma suka riƙa dangwala yatsu a takardun bashi da na ciniki. Wani babban malami kuma waziri na ƙasar Farisa, Rashiduddin, wanda ya rubuta tarihin duniya wajen shekara ta 1300, ya ba da labarin wannan al'ada ta mutanen Sin, har ya ce an jarraba an ga yatsun mutum biyu ba su zama daidai.

A ƙasashen Turai likitoci ne suka fara kula da abin. A 1684 Nehemiah Grew na Landan ya bayyana kunyoyin nan da ƙofofin guminsu. A 1788 wani Bajamushe, Mayer, ya rubuta cewa tsarinsu ba ya maimaituwa ga mutum biyu. A 1823 wani shaihun malami mai suna Purkinje ya kasa su iri tara. Amma dukansu ilmin jiki su ke nema, ba wanda ya yi tunanin kama ɓarawo da shi.

Aikin ya shiga hannun hukuma ne a ƙasar Indiya, zamanin da Ingilishi ke mulkinta. Akwai wani saurayin jami'in mulki a lardin Bangal, sunansa William Herschel. Abin da ya dame shi shi ne, sai a yi yarjejeniya da mutum ya sa hannu, in lokacin cikawa ya yi ya rantse ya ce shi bai taɓa ganin takardar ba. A 1858 ya ba wani ɗan kwangila, Rajyadhar Konai, aikin kawo kayan gyaran hanya. Da aka gama rubutu sai ya sa shi ya shafa tawada a tafin hannunsa duka, ya danna a bayan takardar. Nufinsa a lokacin ya tsorata shi kawai don kada ya yi musu. Amma da ya dubi shatin da kyau sai abin ya shiga ransa. Ya dinga tara zanen yatsun abokansa da nasa, yana sake ɗauka bayan shekaru yana gwadawa, ya ga ba abin da ya sake.

A 1877, yana joji a Hugli, ya sa abin cikin aikin Gwamnati. A lokacin an yi zargin waɗansu tsofaffin ma'aikata sun mutu tuni, amma 'yan'uwansu na zuwa da sunansu suna karɓar fensho. Waɗansu masu kuɗi kuma, in an ɗaure su, su kan yi hayar matalauci ya yi zaman kurkuku a madadinsu. Herschel ya sa a riƙa ɗaukar shatin yatsun masu fensho, da fursunoni, da masu rajistar takardun gonaki. Ya rubuta wa shugaban gidajen yari na Bangal ya roƙa a bazu da dabarar ko'ina, ba a karɓa ba.

Ana cikin haka, can a ƙasar Japan, wani likita mutumin Sikotilan mai suna Henry Faulds yana aiki a wani asibiti a birnin Tokyo. Ya ga shatin yatsun maginan tukwane a jikin tsofaffin katanga da aka tono, abin ya ba shi mamaki. Shi da almajiransa suka riƙa kankare fatar yatsunsu da aska da dutse, in ta warke su duba, sai su tarad da zanen ya komo yadda ya ke. Wata rana aka sha wani magani mai sa maye a ɗakin aikinsa, ya gane wanda ya sha ta wurin maiƙon yatsun da ya bari a jikin tambulan. A 1880 ya buga wasiƙa a jaridar masana ta Ingila mai suna Nature, ya ce da shatin da mai laifi ya bari a wurin da ya yi ɓarna ana iya gane shi. Da ya koma gida ya kai shawarar ga 'yan sandan Landan, suka ƙi. Ya rasu a 1930 yana ganin an danne masa hakkinsa, don shekara da shekaru sun yi ta jayayya da Herschel a kan wanda ya riga wani.

Dalilin da ya sa 'yan sanda suka yi sanyin jiki shi ne, a lokacin suna da wata dabara da ta cika musu ido. Wani akawu a ofishin 'yan sandan Faris, Alphonse Bertillon, ya gaji da kwafe kamannin fursunoni waɗanda ba su da amfani, irin su "dogo ne, baƙin gashi gare shi." Sai ya fito da hanyar awon jiki: a auna tsawon mutum, da tsawon kansa da faɗinsa, da kunne, da kamu, da ƙafar hagu, da sauransu, awo 11. An fara aiki da ita a ƙarshen 1882, ta kuwa tona asirin tsofaffin ɓarayi da yawa masu sake suna. Amma tana da aibi biyu. In ma'aikaci biyu sun auna mutum ɗaya, ba lalle awonsu ya zo daidai ba. Sa'an nan ɓarawo ba ya barin awon kansa a ɗakin da ya fasa.

Wanda ya kafa ilmin yatsu a kan hujja shi ne Francis Galton na Ingila. Ya karɓi tsofaffin takardun Herschel, ya tara dubban nasa, ya buga littafi a 1892. Ya kasa zanen gida uku. Akwai mai tudu, wanda layukansa ke shiga ta gefe guda su ɗan hau su fita ta ɗaya gefen, shi ne mafi ƙaranci, kamar 5 cikin 100. Akwai mai lanƙwasa, wanda layukan ke shiga su juyo su fita ta inda suka shigo, kamar igiyar da aka ninka biyu, shi ne mafi yawa, wajen 60 zuwa 65 cikin 100. Akwai kuma mai gammo, wanda ke naɗewa kamar ɗinkin faifai, wajen 30 zuwa 35 cikin 100. Amma ya nuna ba wannan kashi ne ke rarrabe mutane ba. Abin da ke rarrabewa shi ne ƙananan alamu: inda kunya ta yanke, inda ta rabu biyu, inda ta zama ɗan ɗigo ita kaɗai. A lissafinsa, kafin yatsa ya dace da na wani, sai sau ɗaya cikin miliyan dubu 64. Galton ya so ƙwarai ya sami alamar kabila ko ta hazaƙa a jikin yatsu, ya bincika iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba. Yatsan sarki da na talaka, da na malami da na jahili, ba mai iya rarrabe su da zane.

A shekarar nan ta 1892 aka fara kama mai kisan kai da wannan shaida, a ƙasar Ajantina ta Amurka ta Kudu. Wani ma'aikacin 'yan sanda a can, Juan Vucetich, ya riga ya fara tara yatsun fursunoni tun 1891. A garin Necochea aka tarad da yara biyu an kashe su a ɗaka, uwarsu Francisca Rojas kuma da rauni a wuya. Ta ce wani maƙwabcinsu ne ya yi. Aka kama mutumin aka matsa masa ƙwarai, ya ce shi bai san zancen ba. Sai aka aiko wani sufeto, Eduardo Alvarez, ya duba ɗakin. Ya ga shatin babban yatsa na jini a jikin ƙofa, ya yanko katakon, ya sa matar ta dangwala nata a takarda. Da aka gwada sai ga shi nata ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne: nan take ta amsa laifinta, aka ɗaure ta rai da rai, aka saki maƙwabcin. Abin lura a nan shi ne, aikin farko da shaidar yatsa ta yi a shari'ar kisa, kuɓutad da marar laifi ne.

Saura matsala guda, ita ce ta ajiya. In ofis na da kati 100,000, aka kawo wani mutum da ya ɓoye sunansa, ta yaya za a nemo katinsa ba tare da an bi su ɗaya ɗaya ba? An warware wannan a birnin Kalkata, ƙarƙashin Edward Henry, shugaban 'yan sandan Bangal, da ma'aikatansa biyu 'yan ƙasa, Azizul Haque da Hem Chandra Bose. Ga yadda dabarar ta ke. A jera yatsu goma, a fara daga babban yatsan dama a ƙare da ƙaramin yatsan hagu, a haɗa su biyu biyu, su zama tagwaye biyar. Tagwayen farko a ba su lamba 16, na biyu 8, na uku 4, na huɗu 2, na biyar 1. Amma yatsa ba ya cin lambarsa sai in zanensa mai gammo ne. Sai a tara abin da yatsun farko na tagwayen suka ci a ƙara 1, a tara na yatsun biyu su ma a ƙara 1. Misali, mutumin da ba shi da gammo sai a manyan yatsunsa biyu: na dama shi ne na farko a tagwayen farko, ya ci 16, a ƙara 1 ya zama 17. Na hagu shi ne na biyu a tagwaye na uku, ya ci 4, a ƙara 1 ya zama 5. Kowace jimla tana tsakanin 1 da 32, sabo da haka aka yi babban kabad mai layi 32 a tsaye da 32 a kwance, watau gurbi 1,024. Lambobin nan biyu su ke nuna gurbin da katin mutum ya ke, ko da wane suna ya zo.

A 1897 Gwamnatin Indiya ta karɓi wannan hanya, aka buɗe ofishin zanen yatsu a Kalkata. Dabarar ta bazu a duniya da sunan Henry. Haque da Bose an ba su lambobin girma da kyautar kuɗi daga baya, amma an daɗe ba a ambaton sunansu, ko da ya ke masu bincike da yawa yanzu sun yarda su ne suka yi mafi yawan lissafin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alƙalai kam ba su yi saurin sakin jiki ba. A 1898 aka gurfanad da wani tsohon bara, Kangali Charan, bisa zargin kashe manajan wata gonar shayi a Bangal da kwashe masa kuɗi. An sami shatin yatsansa da jini a bangon wani ɗan littafi cikin akwatin mamacin. Kotu ta ɗaure shi sabo da sata, amma ta ƙi kama shi da laifin kisa, don ba ta so ta ɗauki ran mutum bisa shaidar da ba a saba da ita ba.

A 1901 aka mai da Henry Landan, ya buɗe sashen yatsu a babban ofishin 'yan sanda. A 1902 aka ɗaure wani ɓarawo, Harry Jackson, shekara 7, don ya bar shatin babban yatsansa a ɗanyen fenti a bakin taga. Babbar jarrabawa ta zo a 1905. A unguwar Deptford aka kashe wani tsoho mai jiran kantin fenti, Thomas Farrow, aka yi wa matarsa Ann dukan da ya zama ajalinta. A cikin akwatin kuɗi aka ga shatin babban yatsa. Aka gwada da na tsohon, da na matarsa, da na ɗan sandan da ya taɓa akwatin, ba na ko ɗaya ba ne. Da aka kama waɗansu 'yan'uwa biyu, Alfred da Albert Stratton, sai ya dace da na Alfred. Sufeto Charles Collins ya kawo manyan hotuna gaban kotu, ya nuna alamu 11 da suka dace. Lauyan waɗanda a ke tuhuma ya nuna waɗansu 'yan bambance-bambance. Collins ya ɗauki yatsan ɗaya daga cikin mutanen da ke taya alƙali yanke hukunci, ya danna shi da ƙarfi, ya sake dannawa a hankali, ya nuna musu cewa dannawa ce ke kawo irin wannan bambanci. Aka same su da laifi, aka rataye su ran 23 ga Mayu, 1905.

A Amurka kuma wani abin mamaki ya faru a kurkukun Leavenworth a 1903. An kawo wani fursuna, Will West. Akawu ya auna shi, ya jawo wani kati mai sunan William West, ga awo ya yi kusa ƙwarai, ga hoto kamar an tsaga kara. Mutumin ya ce shi bai taɓa zuwa nan ba. Ashe gaskiya ya faɗa, mai katin na nan cikin kurkukun tun 1901. Da aka ɗauki yatsunsu daga baya, sai aka ga sun sha bamban. Kama da wane ba ta wane. Sannu a hankali awon Bertillon ya mutu, a 1924 kuma Gwamnatin Amurka ta tattara katunan yatsu a ofis guda.

Ba kullum ne aka yi amfani da wannan ilmi don adalci ba. A 1907 Gwamnatin Transvaal ta Afirka ta Kudu ta kafa doka cewa Indiyawan da ke zaune can su yi rajista su ba da shatin yatsunsu goma, abin da a lokacin aka san masu laifi da shi. Suka ga wulaƙanci ne. Gandhi ya shugabance su suka ƙi, aka ɗaure da yawa, a 1908 kuma suka taru suka ƙone takardun rajistar.

Hanyoyin fito da shatin da ido ba ya gani sun yi ta ƙaruwa. A kan barbaɗa gari mai laushi da ɗan buroshi ya manne wa maiƙon, a ɗauki hoto, a ɗauke shi da leda mai danƙo. A jikin takarda a kan fesa wani magani da ke mai da gumi shunayya. A kan turara hayaƙin gam mai ƙarfi a jikin roba ko kwalba, zanen ya fito fari. Daga wajen 1980 kwamfuta ta karɓi aikin kabad ɗin nan, tana bincika miliyoyin katuna cikin ɗan lokaci. Amma ita 'yan kaɗan da suka yi kama ta ke zaɓowa, mutum ne ke dubawa ya yanke magana.

Nan ne kuwa kuskure ke shiga. Shatin da a ke ɗauka a ofis cikakke ne, wanda a ke samu a wurin ɓarna kuwa sau da yawa guntu ne, a goge, a karkace. A watan Maris na 2004 aka tashi bama-bamai a jiragen ƙasa a Madrid, babban birnin Sifen, mutum fiye da 190 suka hallaka. Aka sami shatin yatsa a jikin wata jakar leda. Gwanaye uku na 'yan sandan cikin Amurka suka tabbatar na wani lauya ne Musulmi, Brandon Mayfield, mazaunin jihar Oregon. 'Yan sandan Sifen suka ce ba su gamsu ba, amma duk da haka aka tsare shi mako biyu. Daga nan Sifen ta gano mai yatsan, wani mutumin Aljeriya ne. Gwamnatin Amurka ta roƙi gafara, a 2006 ta biya shi dala miliyan 2. Yatsun mutanen biyu ba ɗaya ba ne, masu dubawa ne suka riga suka sa abu a ransu, idonsu ya bi zuciyarsu. Tun daga nan aka ƙara tsananta cewa maganar gwani ra'ayi ne na mai ilmi, wajibi ne a bincika ta kamar kowace shaida.

Yau abin ya wuce zancen ɓarayi. Indiya, inda aka faro, ta ɗauki yatsun mutum fiye da miliyan dubu don katin shaida. A Nijeriya, tun 2014 bankuna ke ɗaukar yatsun masu ajiya, a zaɓen 2015 kuma aka fara tantance masu jefa ƙuri'a da na'ura mai karanta yatsa. Da yatsa ne kuma mai zaɓe ke dangwala wa wanda ya ke so.

Wanda ya daɗe yana dangwala yatsa a takardar bashi, ko ta jinginar gona, ko ta karɓar albashi, kafin Allah ya ba shi ikon rubuta sunansa, ya kamata ya riƙe abu guda daga wannan tarihi. Yatsa shaida ne mai ƙarfi, ba ya mantuwa, ba ya karɓar toshi. Amma iyakar abin da ya ke faɗa shi ne, hannun wane ya taɓa nan. Ba ya faɗin yaushe, ba ya faɗin dalili, ba ya kuma faɗin ko mai hannun ya san abin da ke cikin takardar. Sabo da haka duk takardar da aka miƙo, a karanta ta tukuna daga sama har ƙasa, sa'an nan a kai yatsa ga tawada.